Masu saida kaya a Facebook da WhatsApp, ga batun lampo

Salamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan na ga ana ta tambaya ko mai saida kayansa ta intanet sai ya biya lampo.

In tsohuwar wayarka ce, ko firij, ko gadon da uwargida ta gaji da shi, ka saida sau guda ka huta, wannan ba kasuwanci ba ne. Abinka ne ka rabu da shi, sau da yawa ma da faɗuwa. Amma in kullum kana saro wayoyi ko atamfa ta hanyar garin Ɗan Isa na kan iyaka da Najeriya kana ɗora hoto da farashi, to malam, ɗan kasuwa ne kai, ko da ba ka da rumfa a babbar kasuwa. Ka je ofishin DGI, wato hukumar lampo, na nan Maraɗi ka nemi lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan lampo, su gaya maka ajin da kake. Ƙananan 'yan kasuwa suna da harajin dunƙule da ake biya na shekara.

Inda aka fi shan wahala shi ne saida moto. Kada ka miƙa makulli sai kun rubuta takardar ciniki: ranar, kuɗin, lambar sasi, da shaidu biyu. Takardar duwan da katin moton su bi mai saye, ya sauya suna. Wani maƙwabcina ya saida tasa jaka ɗari uku bisa amana kawai, bayan wata shida aka yi haɗari da ita, shi aka fara nema.

Fili da gida kuwa akwai kuɗin rajista, ku bi ta hannun notar, wato masanin doka mai tabbatar da takardun ciniki. Resin tura kuɗi ma kada a goge shi daga waya.