Babi na 6: Yadda ake zana taswirar lafiyar kogi

To 'yan uwa ɗalibai, darasin yau sai an fita waje. Kowa ya tanadi babbar takarda, farar roba mai faɗi, da alƙalami kala uku, kore da ruwan ɗorawa da ja.

Kafin mu fita bari mu ɗan taɓa lissafi. In aka kasa ruwan duniya kashi 100, ruwan daɗi kashi 2 da rabi ne kacal, sauran duk na gishiri ne, shi ma ɗan na daɗin yawancinsa ƙanƙara ne ko yana can ƙarƙashin ƙasa. Noma kaɗai na cinye wajen kashi 70 na ruwan daɗin da mutane ke ɗiba, ga sha ga wanki ga kamun kifi ga shayar da dabbobi, sannan fadama in ba a cike ta an yi gini ba, ita ke shanye ambaliya ta tace ruwan ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har cikin rani, kuma ba wanda ke biyanta ko sisi. Rahoton WWF, ƙungiyar kare namun daji ta duniya, na 2022 ya nuna namun da ke rayuwa a ruwan daɗi da aka bi diddiginsu sun ragu da kashi 83 cikin 100 tun daga 1970. Abin ba wasa ba ne.

Yanzu zane. Ku ja layi ɗaya yadda kogin ya yi kwana kwana, ku sa kibiya mai nuna inda ruwa ya nufa. Wannan kibiyar kar a manta ta fa, don duk abin da aka zuba a sama na ƙasa ne ke kwasa. Sai ku sa alamar gada, mashaya, gonaki, wurin ɗibar yashi, juji, da duk kwatar da ke zubowa ciki. Ku zaɓi wuri uku ko huɗu na tsayawa, lallai a samu ɗaya kafin bakin kwata ɗaya kuma bayanta, a nan ne za ku kama inda ɓarnar ke shigowa.

A kowane wuri ku shinshina, ku duba gaɓa, akwai bishiyoyi da ciyawa ko zaizaya ta cinye ta. In ruwa ya yi kore shar da gansakuka, galibi taki ne ko ruwan kwata ya yi yawa, in gansakukan ya ruɓe sai ya cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa, shi ya sa wani lokaci ake wayar gari a ga kifi birjik a sama sun mutu.

Ni a ganina gwajin da ya fi shi ne na dutse. Ku ɗauko dutse daga inda ruwa ke gudu, ku wanke ƙasansa cikin farar robar nan da ɗan ruwa, ku jira ya natsa. In kun ga 'yan ƙwari iri iri suna yawo, wasu da jela uku siririya kamar gashi, to ruwan na da iska sosai, ku sa kore. In kuwa ba komai sai jajayen tsutsotsi ƙanana da matsattsaku, su waɗannan ko a ƙazamin ruwa suna rayuwa, ku sa ja. Tsaka-tsaki ruwan ɗorawa. A Afirka ta Kudu har 'yan makaranta na yin irin wannan, sunan tsarin miniSASS. In kun gama ku mayar da ƙwarin da dutsen inda kuka ɗauko.

A kula, kore a taswira ba ya nufin a ɗiba a sha, ruwa na iya yin garau kuma da ƙwayar cuta a ciki, sai an tafasa. Kuma inda ruwa ke kwance da ƙananan katantanwa kar a shiga ba takalmin roba, ta nan ake kwasar tsargiya.

Aikin gida: ku rubuta kwanan wata a saman taswirar da sunan kowane wurin tsayawa da manyan baƙaƙe. Za mu sake zagayen sau ɗaya da damina sau ɗaya da rani, a wuraren nan dai ba wasu ba, mu jera takardun mu ga wace kala ce ta canza.