Rubuta zagin kamar yadda aka furta shi

Aikina tafinta ne ga 'yan sanda a Ingila. Wani lokaci akan kira ni ɗakin horon kurata in zauna a matsayin mai kawo ƙara, su gwada ɗaukar bayani a kaina. Kai sabon ɗan sanda, ga abin da nake so ka riƙe kan ɗaukar ƙarar laifin ƙiyayya.

Fara da tambaya: "Me kike gani ya sa aka yi miki haka?" Idan matar da ta kawo ƙara ta ce saboda hijabinta ne, ka shigar da shi a matsayin laifin ƙiyayya, ba sai ta kawo hujja ba. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga kisan Stephen Lawrence, baƙar fata ɗan shekara 18, a unguwar Eltham ta Landan a 1993. Rahoton Macpherson na 1999, kan yadda 'yan sanda suka binciki kisan, ya ce a yi aiki da abin da wanda aka zalunta, ko wani mutum daban, ya fahimta. Fannoni biyar ake lura da su: launin fata ko ƙabila, addini, naƙasa, jinsin da mutum ke sha'awa, da sauya jinsi. Kuma zaton mai laifin ake bi. Idan an doki ɗan addinin Sikh bisa zaton Musulmi ne, ƙin Musulmi aka nuna.

Inda kurata suka fi tuntuɓe shi ne kalmomin. Sai yaro ya rubuta "an zage ta", ya wuce. Wane zagi? Fahimtar mai ƙara ta isa a buɗe fayil, amma alƙali hujja yake nema, kuma sau da yawa hujjar ita ce abin da mutumin ya faɗa lokacin da yake aikata laifin, ko dab da shi. Da ita ake tsananta hukunci a ƙarƙashin dokar yanke hukunci ta 2020. Mutanenmu kuwa akwai kunya. Dattijuwa za ta ce maka "maganar banza ya yi mini", ta sunkuyar da kai. Kada ka matsa mata. Miƙa mata takarda ta rubuta, ko ka nemo 'yar sanda mace. Ni kaina na taɓa sassauta wani zagi a fassara don nauyin baki, sajan ɗin ya sa na maimaita shi tsirara. Shi ke da gaskiya.

Daga nan ka tantance: laifi ne ko abin da bai kai laifi ba? Fizge mayafi a tashar bas laifi ne. Maƙwabcin da ke tsaki duk lokacin da ta wuce wataƙila bai karya doka ba. Bayan shari'ar Harry Miller a 2021, mutumin da ya ƙalubalanci 'yan sanda a kotu kan shigar da saƙonninsa na Twitter a fayil, ƙa'idar gwamnati ta 2023 kan abin da bai kai laifi ba ta hana shigar da ƙorafin da ba shi da tushe, ta kuma hana rubuta sunan wanda ake ƙorafi a kansa sai da haɗarin cutarwa na gaske.

Kafin ka rufe, bincika ko an taɓa kira daga gidan. Fiona Pilkington ta nemi 'yan sanda sau 33 kan matasan da suka addabi iyalinta, ciki har da 'yarta mai naƙasa, ana ɗaukar kowane kira daban, har ta kashe kanta da 'yar a 2007.

Sannan ka ba mai ƙara lambar fayil a rubuce, ka gaya mata ranar da za ka kira.