Neman haihuwa a likita: ki ga takarda kamin ki kwance bakin zane

'Yar uwa, in kun kai shekara guda da aure babu tsarin iyali kuma shiru, ko wata 6 in kin wuce shekara 35, to lokacin ganin likitan mata ya yi. Kuma kar ki ɗauka ke kaɗai ce, hukumar lahiya ta duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar ga. Ni maganar kuɗɗin zan yi, don nan ne aka hi shan wuya kuma ba mai gaya miki.

Ki cire rai da kyauta tun yanzu. Kyautar da gwamnatin Nijar ta sa tun 2006 ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce da awon ciki da tiyatar ciro jariri da tsarin iyali, neman haihuwa bai ciki. CNSS ma, asusun ma'aikata da ake cire ma maigida kuɗɗinshi duk wata, ta fansho ce da kuɗɗin yara da haɗarin wurin aiki, ba ita za ta biya miki eko (hoton ciki) ba.

In maigida na da asiransi ta wurin aiki, ko mutuwel, wato asusun taimakon juna na lahiya (sunan nan dai ban son shi wallahi), ya karɓo kontiragin kanshi ku zamna ku karanta, ba ɗan katin ba. Ku nemi shahin abubuwan da ba a biya, yawanci nan za ku iske an rubuta maganin rashin haihuwa. Amma kar ki yanke ƙauna, sau da yawa abin da ya hana cikin cuta ce da ke da sunanta, kamar ƙarin mahaihwa ko ciwon sanyi ko matsalar sinadarin jiki, kuma ana iya biyan waɗannan a matsayin ciwon mata. Ban ce ki roƙi likita ya rubuta ƙarya ba, ya rubuta ainihin cutar da ya gani. Sai ku tambayi masu asiransi abu uku: kashi nawa suke ɗauka, in 80 cikin 100 ne sauran 20 naku ne, mi ne iyakar kuɗɗin shekara, sannan wane aiki ne sai sun sa hannu kamin a yi shi. Na ukun ga shi ke kada mutane, in aka yi aiki babu bon ɗinsu, wato takardar yardarsu, da hatimi to kin yi asara, kuka bai maido shi.

Sannan maigida ya fara yin nashi awon. Na san magana ce mai nauyi a gidajenmu, kullum mace ake kallo, amma awon maniyyi ya hi yawancin naki sauƙi da araha, ya ƙaurace ma saduwa kwana 3 zuwa 5 ya kai a duba shi ke nan, kuma kusan rabin matsalar da hannun maza a ciki. Mi amfanin ki saida awakinki ki yi ta analiz wata da watanni alhali ba a duba shi ba?

Naki awon kuma kowane da ranarshi. Jinin FSH da LH, sinadaran jiki masu sa ƙwai ya nuna ya hita, rana ta 2 ko ta 3 da zuwan al'ada, hoton bututun mahaihwa bayan ta ɗauke kamin rana ta 12. In kika kuskure rana sai a sake, kuɗɗi biyu. Ni haka ta same ni a wata kilinik, na biya a kes, aka ja jini, da na kai sakamako likita ya ce ba ranarshi ba ce, na koma wurin mai karɓar kuɗɗi ta ce ai resi ya riga ya hita. Tun ranar ban ƙara miƙa ko dala ba sai na tambayi rana.

Duk abin da aka ce za a yi ki ce a rubuta miki debi, wato takardar ƙiyasin kuɗɗi, layi layi: ganin likita nawa, eko sau nawa, magani ciki ko waje, ɗaki, allurar barci. Ki riƙe resi da ordonansi duka cikin jaka guda, ki ɗauke su hoto da waya, don masu asiransi asalin takarda suke so kuma suna da wa'adin kai ta.

In abin ya kai ga dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwanki da maniyyi a waje a maida miki cikin mahaihwa, wasu na tahiya Kano ko Abuja ta Ɗan Isa da Jibiya. Kamin ki hau mota masu asibitin su turo miki farashi a rubuce ta WhatsApp, ki tambaya ko allurai na ciki, don su kaɗai babban kaso ne, ko ajiye sauran ƙwai a sanyi daban ake biya, kuma in bai kama ba karo na biyu nawa ne, don sau da yawa bai kamawa a karon farko. Ki lissafa masauki na makonni, ki kuma tambayi kwana nawa farashin zai tsaya, don naira yau daban gobe daban, kar ki canza sefarki duka rana guda. Tsoffin sakamakonki na Maradi da Faransanci suke, ki sa a juya miki su kamin tahiya, ki tambaye su wanne za su karɓa wanne kuma ya tsufa sai an sake.