Yadda ake kallon tauraro mai wutsiya da babban madubin hangen nesa

Masu tambaya sun yi yawa, to ga matakan.

1. Zaɓi daren da babu farin wata. In hazon hunturu ya rufe sama, haƙura kawai.
2. Duba inda tauraron zai kasance a manhajar Stellarium, mai nuna taswirar sararin sama.
3. Fita bayan gari, nesa da fitilu.
4. Ajiye madubin a waje kamar awa 1 ya huce, in ba haka ba taurari za su riƙa rawa.
5. Saita ƙaramin madubin nema (wanda ke maƙale a jikin babban madubin) a kan tauraro mai haske, yadda shi da babban za su kalli wuri ɗaya. Hattara: kada ka taɓa juya na'urar wajen rana, take take makantarwa.
6. Sa wa na'urar gilashin leƙawa (eyepiece) mai ƙaramin ƙarfi, na milimita 25 ko 32. Nan mutane ke kuskure, su fara da mai ƙarfi, filin ya ƙuntata su rasa komai.
7. Zauna cikin duhu minti 20. Hasken waya na ɓata wannan, yi amfani da jar tocila.
8. Nemi wani ɗan fari-fari kamar auduga. Wutsiyar da kake gani a hotuna ba kasafai take fitowa haka ba.
9. Kalli gefensa kaɗan, gefen ido ya fi kama haske mai rauni.
10. Zana matsayinsa tsakanin taurarin da ke kewaye da shi, ka sake dubawa bayan awa 1. In ya gusa a tsakaninsu, shi ne.