Yadda za ka binciki ciwon da likita ya ce kana da shi

Duk wanda yake Jos a 2014 ba zai manta da daren ruwan gishiri ba, lokacin Ebola, aka dinga bugo waya tun kafin asuba wai a yi wanka da shi a sha, kuma wallahi an rasa rayuka a ƙasar nan saboda saƙon da ba wanda ya san mafarinsa. Har yau abin yana min ciwo.

To don kar ka dogara da irin wannan jita-jitar, kafin ka tashi daga gaban likita, roƙe shi ya rubuta maka sunan ciwon da Turanci a takarda, har da sunan maganin. Ka ce "ciwon hanta" kawai bai isa ba, akwai nau'in B akwai C, B yana da allurar rigakafi C kuwa babu, ka ga in ka haɗa su waje ɗaya ka rikita kanka.

Da wannan takardar sai ka buɗe shafin bayanan lafiya na intanet mai suna MedlinePlus a wayarka, babban laburaren likitanci na Amurka ne ke kula da shi, kyauta ne, ba talla, kuma don irinmu aka rubuta shi. PubMed, shafin neman binciken likitanci, ma nasu ne amma Turancinsa na likitoci ne, yana da nauyi gaskiya.

In abin ya fi ƙarfinka nemi ma'aikacin laburaren likitanci, irin na ɓangaren likitanci na Jami'ar Jos, ka fara tambaya ko suna barin na waje shiga. Tambaye shi ko suna da HINARI, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don ƙasashe irin namu su samu mujallun da kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihu. Ma'aikacin zai nuna maka wa ya rubuta binciken da kuka samo, wace shekara, da ko kamfanin magani ne ya biya kuɗin binciken. Amma fa ba zai ce maka sha kaza ko daina kaza ba, kar ka ji haushi, wannan hurumin likita ne. Kuma abin da ka tambaya amana ne a wuyansa, ko ƙanjamau ne ko rashin haihuwa, bai halatta ya kai wa kowa ba ko da ɗan'uwanka ne.

Abin da ka samo ka rubuta tambayoyinka ka koma da su ranar ganin likita. In kuma jita-jitar annoba ce ke yawo a unguwa, kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, a 6232, ba a cin kati.