Kurakuran masu kiwon tarwada wajen kare hantar kifi da ganye

Duk wanda ya taɓa feɗe tarwada daga tankinsa ya tarar hantar ta koɗe kamar man shanu, tana rugujewa a yatsa, ya san tashin hankalin. Lafiyayyar hanta ja ce mai duhu, kuma a haɗe take. Da an ga ta koɗe sai a ruga kasuwa neman garin zogale, tafarnuwa, citta da kurkum. Duk suna da amfani, amma yadda muke ba da su ne ke jawo mana asara.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne barbaɗa magani a kan abincin da shi ne tushen cutar. Masara da ƙuliƙulin da suka sha danshi a sito suna yin fumfuna, ita kuma tana fitar da gubar afalatoksin, wadda ke fara cin hanta. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyada da aka kawo daga Brazil. A wannan lokacin ne kuma sankarar hanta ta bazu a gonakin kifin trout (wani kifin ruwan sanyi) na Amurka, aka bi sawu har zuwa angurya mai wannan guba. Dafawa ba ta kashe ta, zafin injin mulmula abinci ma bai isa ba, balle cokalin kurkum. Don haka ka shinshina buhu kafin ka biya kuɗi, ka tona har ƙasansa. In hatsin ya dunƙule ko ya yi kore-kore, bar shi komai arharsa. Masara ta bushe har danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin 100, a ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Manoman da ke amfani da Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage afalatoksin, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, hatsinsu ya fi tsira daga wannan guba, in ka samu nasu ka saya.

Sai yawan masara da mai don kifi ya yi nauyi da wuri. Tarwada mai son nama ce, rarar sitaci kitse take zama a hantarta. Man da ya daɗe har ya canza wari kuwa shi ma yana lalata ta. Nan ragewa ake yi, ba ƙarin ganye ba.

Akwai kuma masu cewa ai ganye ne, ba ya cutarwa. Sun manta masunta tun kaka da kakanni da ganye suke bugar da kifi a rafi. Zogale na ɗauke da sinadarai masu ɗaci da ke hana kifi cin abinci da narkar da shi in ya yi yawa, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na haɗin. Darbejiya in ta yi ƙarfi a ruwa kisa take yi. Tafarnuwa ko kurkum, giram 5 zuwa 10 a kowane kilo ya wadatar a farawa, kuma da sikeli, ba da tafin hannu ba.

Wasu suna watsa garin a ruwa kai tsaye. Kifi bai ci ba, ruwa ya ɓaci, hanta ta ƙara shan wuya. A kwaɓa garin da ɗan sabon mai, a cuɗa da abincin ya manne, a shanya a inuwa. Kurkum musamman ba ya narkewa a ruwa, mai yake bi.

Kada ka gwada a kan dukan kifinka rana ɗaya. Ware tanki guda, ka ba shi haɗin na mako shida, ɗayan ya ci gaba da abincinsa na kullum. Daga nan ka auna nauyinsu, ka feɗe biyu-biyu daga kowanne, ka jera hantocin a faranti ɗaya ka duba su a hasken rana.