Gansakuka ce ko tabo? Ku gwada kafin ku sayi magani

Jama'a masu tafkin ninkaya a gida, in kun ga wani wuri a tafkin ya canja launi, kafin ku zuba kuɗi a kulorin (maganin tsabtace ruwa), ku fara sa hannu.

Ku shafa wurin da yatsa. In yana santsi, kuma kun goga da buroshi ya tashi ya gurɓata ruwan, gansakuka ce. Kulorin da gugar buroshi sun ishe ta.

In bai motsa ba, tabo ne. A nan ake asarar kuɗi, don tabo iri biyu ne.

Ku daka ƙwayar bitamin C, ku zuba a tsohuwar safa, ku danna a kan tabon kamar minti ɗaya. In wurin ya yi haske, tsatsar ƙarfe ce. Ruwan burtsatse kan zo da ƙarfe narke a ciki, kuma yawancinmu a Zariya da shi muke cikawa. Kulorin ne ma ke mai da ƙarfen nan tsatsa, sai ya kama tayil. Wato kuna ƙara magani, tabo na ƙara ja.

In bitamin bai yi komai ba, ku ɗora ƙwayar kulorin na 'yan mintuna. Ya dushe? Tabon ganye ne, na darbejiya ko mangwaro da ya kwana a ƙasan ruwa.

Amma fa baƙar gansakuka mayaudariya ce. Tana kafa saiwa a tsakanin tayil, buroshi mai laushi ba ya ɗaga ta, sai a ɗauka tabo ne. Ku kankare da farce, za ku ga kore a ƙasa.

In tafkinku shimfiɗar roba gare shi ko fenti, kar ku ɗora ƙwayar kulorin kai tsaye, za ta cinye launin.